Darasi na Goma Sha Huɗu: Koyar da Karatun Tarihin Kai ga 'Yan Sakandare a Jidda

Gabatarwa

Tarihin kai shi ne labarin da mutum ya bayar na rayuwarsa da bakinsa ko da alƙalaminsa. Ya bambanta da tarihin rayuwa, wanda wani ne yake rubuta shi a kan wani. Ɗaliban sakandare sukan ji daɗin irin wannan rubutu, domin yana da sauƙin bi, kuma akwai mutum guda da za su riƙe tun daga farko har ƙarshe. Sai dai wannan sauƙin shi ne yakan yaudare su. Da zarar marubuci ya ce da idonsa ya gani, sai yaro ya ɗauka magana ta ƙare, ya haddace garuruwa da shekaru, ya rufe littafi.

Wannan darasi zai duba yadda malami zai koya wa matasa 'yan shekara 15 zuwa 18 karatun tsanaki, wato tsayawa a kan kalma da jimla har a gane abin da mai labari ya faɗa, da yadda ya faɗe shi, da abin da ya tsallake. An ɗauki birnin Jidda na ƙasar Saudiyya a matsayin wurin misali, musamman unguwar Bani Malik da makamantanta, domin a can akwai yara 'yan asalin ƙasar Hausa waɗanda wannan karatu ya shafi gidajensu kai tsaye.

Jidda da zuriyar mahajjata

Jidda ita ce ƙofar Makka ta bakin Bahar Maliya. Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazan ƙasar Hausa da Barno a ƙasa suke tafiya. Sukan bi ta Chadi su ratsa Abeshe, su shiga Darfur, su kai bakin kogin Nilu, daga nan su nufi Sawakin ko Port Sudan, inda za su hau jirgin ruwa. Tafiyar takan ci shekaru, saboda mutum yakan yada zango ya yi noma ko ƙwadago kafin ya haɗa guzurin gaba. Da yawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira na Sudan, waɗanda aka buɗe a 1925. Wasu kuwa hijira ce ta fito da su. Bayan sojojin Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, sauran jama'arsa suka ci gaba da tafiya gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Cikin waɗanda suka isa Hijaz akwai waɗanda ba su koma gida ba. Zuriyarsu tana nan a Makka da Madina da Jidda, kuma sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi suna nuna asalinsu.

Bani Malik tana cikin tsofaffin unguwannin talakawa na Jidda, kusa da inda tsohon filin jirgin sama yake kafin a buɗe na Sarki Abdul'aziz a 1981. Unguwanni irinta, kamar Karantina da Gulail da Sabil, sun daɗe suna karɓar baƙi daga Yaman da Afirka da Asiya. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukumomin birnin suka rushe sassa masu yawa na waɗannan unguwanni, har da Bani Malik, cikin shirin sake fasalin gari. Iyalai da dama suka warwatsu zuwa wasu wurare.

Yaron da ya taso a irin wannan gida da Larabci yake karatu a makaranta, Hausa kuwa sau da yawa sai a bakin kakarsa yake jin ta sosai. Labarin yadda danginsa suka zo ba ya cikin littafin tarihi na aji. Yana wajen tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Lungun da za a nuna masa a ce nan kakansa ya fara sauka, mai yiwuwa yanzu fili ne. Abin da ya rage masa shi ne labarin baka, don haka yana da bukatar ya iya sauraronsa da kunnen basira.

Tarihin kai a ƙasar Hausa

Malamin da zai koyar da wannan fanni ba zai rasa littattafai ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta *Tazyin al-Waraƙat* da Larabci a 1813, inda ya tara waƙoƙinsa, ya kuma bayyana halin da yake ciki lokacin da ya yi kowace. A ciki ne ya ba da labarin yadda ya bar jama'a, 'yan shekaru bayan fara jihadi, da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano ya karantar, daga baya ya koma.

Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta aka kai Kukawa, ya sami 'yanci a hannun Bature Adolf Overweg, ya yi wa Heinrich Barth hidima, ya bi shi Ingila a 1855. A can ya ba wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin *Magana Hausa* a 1885. Baba ta Karo ta ba Mary Smith nata labarin a Giwa ta ƙasar Zazzau, daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, littafin ya fito da Ingilishi a 1954. Abubakar Imam ya rubuta *Tafiya Mabuɗin Ilmi* a kan ziyarar da ya kai Ingila tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma a 1943. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya fitar da *My Life* a 1962. Neil Skinner ya tsara labarin Alhaji Mahmudu Ƙoƙi na Kano, wanda aka buga a Zariya a 1977. Shaihu Abubakar Gumi kuma ya ba da nasa tare da Isma'ila Tsiga cikin *Where I Stand*, wanda ya fito a 1992.

Duk wanda ya lura da wannan jeri zai ga cewa da yawa daga cikin labaran faɗa aka yi, wani ya rubuta. Wannan shi ne mabuɗin darasin. Kalmar "ni" a tarihin kai ba mutum ɗaya take nufi ba. Akwai wanda abin ya faru da shi a da, akwai wanda yake ba da labari yanzu, sannan akwai wanda yake zaune gabansa yana saurare, ko yana riƙe da alƙalami.

Tambayoyi uku

Tambaya ta farko ita ce: wa yake magana a wannan jimla, yaron da ne ko dattijon yanzu? Shaihu Gumi ya yi aikin kula da alhazan Nijeriya a Jidda a ƙarshen shekarun 1950. Lokacin da ya zauna ba da labarin wannan aiki, ya riga ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya kuma karɓi lambar Sarki Faisal a 1987. Matashin ma'aikacin da ke karɓar alhazai a Jidda bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Saboda haka duk inda aka ga mai labari yana fassara wani abu na ƙuruciya da cewa mafarin wani babban al'amari ne, dattijon ne yake magana. A littafin Malam Abdullahi wannan bambanci a fili yake a kan takarda, domin waƙar ta lokacin da abin ya faru ce, bayanin da ke kewaye da ita kuwa na 1813 ne.

Tambaya ta biyu: wa ake gaya wa? Dorugu matashi ne baƙo a hannun Schön, shi kuma Schön Hausa yake tarawa domin nazari da aikin mishan. Ya kamata ɗalibi ya tambayi kansa abin da yaro a irin wannan hali zai iya faɗa game da Turawa, da abin da zai haɗiye. Baba ta Karo mace take ba labari, shi ya sa ta saki jiki a kan aure da kishi da haihuwa da ƙawance. Da mijin Mary ne, wato M. G. Smith, ya zauna gabanta, da wuya a sami littafi iri ɗaya. Sardauna kuma yana kan kujerar Firimiya ya fitar da nasa, shekara biyu bayan samun 'yancin kai, yana sane da cewa abokan hamayya da mutanen ƙasashen waje za su karanta.

Tambaya ta uku: me aka tsallake? Ba mai iya ba da labarin shekara sittin cikin shafi ɗari biyu sai ya zaɓa. Wani abin mantuwa ce ta ɗauke shi, wani kunya, wani tsoro, wani kuwa mai rubutawa ne ya ga bai dace ba ya cire.

Ɗaliban Jidda suna da misalai na kusa da za su gwada waɗannan tambayoyi a kansu. Marubucin Masar Ɗaha Husain, a kashi na farko na *Al-Ayyam* wanda ya fito a 1929, bai kira kansa "ni" ba. Ya yi ta magana a kan wani yaro makaho kamar wani ne daban, sai a babin ƙarshe ya juya yana yi wa 'yarsa magana, mai karatu ya gane wadda ake ba labarin tun farko. Malcolm X na Amurka ya sauka a tsohon filin jirgin Jidda a watan Afrilu na 1964 kan hanyarsa ta aikin Hajji, kuma tarihinsa da ya fito a 1965 Alex Haley ne ya rubuta shi daga hirarrakin da suka yi.

Misalin karatun tsanaki

Ga wani gajeren nassi da aka tsara musamman domin wannan darasi. Ba daga wani littafi aka ɗauko shi ba. A ɗauka wata tsohuwa ce a Jidda take ba jikokinta labari:

"Ina 'yar shekara tara aka taso da mu daga gida. Ni dai abin da na riƙe shi ne jakin Baffa, wani fari mai yankakken kunne, don a kansa akan ɗora ni in na gaji. Muka yi damina biyu a Abeshe, muka yi huɗu a Sudan muna cirar auduga. A can aka yi mini aure. Ashe ba za mu sake ganin Inna ba, mu kuwa a lokacin cewa muke gobe za ta biyo mu. Da muka hau jirgin ruwa a Sawakin, ga yaron nan a bayana, ban kalli ruwa ba ko sau ɗaya. Wai kwana uku muka yi, haka dai shi yake faɗa. Ku da kuke karyawa a Jidda ku ci tuwon dare a Kano, me za a gaya muku?"

Ɗalibin da ya yi karatun gaggawa zai ce labarin tafiya ne daga ƙasar Hausa zuwa Jidda, ya lissafa Abeshe da Sudan da Sawakin. Bai yi kuskure ba, amma ya bar mafi yawan abin da ke ciki.

A fara da wakilan suna. Tsohuwar ta ce "aka taso da mu", "akan ɗora ni", "aka yi mini aure". A Hausa ana amfani da "aka" idan ba a san wanda ya yi aiki ba, ko ba a so a ambace shi. Manyan al'amuran rayuwarta biyu, barin gida da aure, duk da "aka" suka zo, wato ba ita ta yanke shawara ba, kuma ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Inda ta ce "muka", wahalar da aka sha tare ce. Wurare biyu kawai ta tsaya a matsayin mai aiki ita kaɗai: "na riƙe" da "ban kalli ruwa ba". Abin da ta mallaka a tafiyar ke nan, tunawa da jaki da kawar da kai daga teku.

Sai ƙananan kalmomi. "Ashe" kalma ce ta wanda ya gano abu daga baya, don haka tsohuwar ce take faɗinta. "A lokacin" kuma ta mayar da mai sauraro ga yarinyar da ba ta sani ba tukuna. A jimla ɗaya an ji muryoyi biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce baƙin cikin da ba a furta ba. "Wai" tana nuna cewa ba ta ɗauki nauyin maganar kwana uku ba, ji ta yi. Wanda ya kafa hujja da wannan adadi kamar ita ta ƙirga, bai karanta da kyau ba.

Sai abin da aka tsallake. Ba ta faɗi sunan mijinta ba, ta ce "shi". Ba ta faɗi sunan ɗanta ba, ta ce "yaron nan". Baƙon al'adar Hausa zai iya ɗauka rashin ƙauna ne, alhali kuwa kunya ce: matan da ba sa kiran sunan miji, kuma uwa takan yi alkunya ga ɗan fari. Akwai kuma giɓin da al'ada ba ta bayyana shi ba. A ina aka bar Inna? A gida ne, ko a Abeshe, ko a Sudan? Ciwo ne ya tsayar da ita ko rashin guzuri? Nassin bai faɗa ba. Jimlar ta biyo bayan zancen aure, wanda zai sa wani ya ce a Sudan aka rabu, amma cewa "gobe za ta biyo mu" tunanin ƙaramar yarinya ne. Nan ne ɗalibai za su yi muhawara, kowa da kalmar da ya dogara da ita.

A ƙarshe, jimlar rufewa ta fito da masu sauraro. "Ku" su ne jikokin da suka saba da jirgin sama. Tambayar da ta yi musu ba ta neman amsa. Tana nuna cewa ta taƙaita labarin ne domin tana ganin ba za su gane ba, wato akwai sauran magana ga wanda ya iya tambaya.

Yadda za a tafiyar da aji

Malami ya zaɓi nassi gajere, wanda bai wuce sakin layi ɗaya ko biyu ba. A karanta shi a bayyane sau biyu, domin yawancin waɗannan labarai da baki aka fara ba da su, kuma kunne yakan kama abin da ido ya wuce. Daga nan ɗalibai su ja layi ƙarƙashin kowane wakilin suna, su kewaye kalmomin lokaci da na shakka, irin su "da", "yanzu", "daga baya", "ashe", "wai" da "ina jin". Sai a raba allo gida biyu, a rubuta abin da yaron da ya sani a gefe ɗaya, abin da dattijon yanzu ya ƙara a ɗaya gefen.

Ƙa'idar ajin guda ce: duk wanda ya faɗi ra'ayi sai ya ɗora yatsa a kan kalmar da ta ba shi wannan ra'ayi. Idan yarinya ta ce tsohuwar tana jin tsoro, malami ya tambaye ta inda ta gani, har ta kai ga "ban kalli ruwa ba ko sau ɗaya". Idan yaro ya ce mijin mugu ne, a nemi shaidarsa, in babu ya janye.

Bayan makonni kaɗan sai a tura ɗalibai gida su nemi wani tsoho ya ba su labarin kwana ɗaya tak daga rayuwarsa, da Hausa ko Larabci ko gaurayensu. Su rubuta yadda aka faɗa, kada su gyara. Idan sun dawo za su tarar da kansu a matsayin da Schön da Mary Smith suka tsaya: su ne suka zaɓi tambaya, su ne suka yanke inda labari zai tsaya, kuma saboda su ne kaka ta faɗi wani abu ta ɓoye wani.

Abin da ya kamata a kiyaye

Akwai haɗari biyu. Na farko shi ne yaro ya ɗauka an koya masa ƙaryata manya. Dole malami ya bayyana cewa mutum yana iya faɗin gaskiya iyakar saninsa, duk da haka labarinsa ya kasance zaɓaɓɓe, domin haka tunawa take ga kowa. Na biyu ya fi nauyi. A wasu gidaje labarin zuwa Hijaz ya haɗa da bauta, wadda ba a haramta ta a Saudiyya ba sai a 1962, a wasu kuma ya taɓa batun takardun zama. Kalmar "Takari" ma, da ake kiran mutanen Afirka ta Yamma mazauna can da ita, takan zo da raini a bakin wasu. Saboda haka sai da izinin mai labari za a kawo shi aji, a sakaya sunaye, kuma kada a tilasta wa kowane ɗalibi karanta nasa a gaban jama'a. Wanda iyayensa ba su yarda ba, a ba shi nassi daga littafi.

Kammalawa

An ga cewa tarihin kai yana ɗauke da mutum uku: wanda ya rayu, da wanda yake tunawa, da wanda ake gaya wa. An kuma ga cewa harshen Hausa yana da ƙananan kalmomi, irin su "aka" da "ashe" da "wai", waɗanda suke nuna wa mai karatu wanda yake magana cikin ukun. Ɗalibin Bani Malik da ya koyi lura da su zai karanta Dorugu da Baba ta Karo da fahimta, zai kuma san tambayar da zai yi wa kakarsa tun tana da rai.

Ma'anar wasu kalmomi

tsanaki: yin abu a hankali ba tare da gaggawa ba
nassi: ainihin kalmomin da aka rubuta, waɗanda ake nazari
yada zango: sauka a wani wuri a huta yayin doguwar tafiya
guzuri: abinci ko kuɗin da matafiyi yake riƙewa
ƙwadago: aikin ƙarfi da ake biya a yini
alkunya: nuna kunya bisa al'ada, kamar ƙin kiran sunan ɗan fari
giɓi: wurin da wani abu ya kamata ya kasance amma babu shi
sakaya: ɓoye suna ko magana ta hanyar faɗinta a kaikaice

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tarihin kai da tarihin rayuwa?
2. Ta wace hanya alhazan ƙasar Hausa suke bi zuwa Jidda kafin jirgin sama ya yawaita, kuma me ya sa tafiyar take cin shekaru?
3. Me ya faru a Bani Malik da makamantanta a 2021 da 2022, kuma yaya wannan ya shafi darasin?
4. Kawo sunayen mutum uku da suka faɗi labarinsu wani ya rubuta, tare da sunayen waɗanda suka rubuta.
5. A sauya "aka yi mini aure" zuwa "na yi aure". Me ya canja a ma'ana?
6. A ganinka a ina aka bar Inna? Kafa hujja da kalmomin nassin.

Aikin gida

Rubuta sakin layi ɗaya da Hausa a kan ranar farko da ka isa wani baƙon gari. Yi amfani da "ashe" sau ɗaya, "wai" sau ɗaya, da "aka" aƙalla sau biyu. Ba abokin karatunka ya karanta, ya nuna inda kai na da yake magana, da inda kai na yanzu yake magana, da abu ɗaya da yake jin ka tsallake.